Kinnu Ta Ƙi Tasowa Daga Ƙasan Teku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya cinye sauran wurin da ya rage a cikinta, ni Mubashir Qaimkhani, injiniya a sashen nazarin ƙasan teku, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki da masuntan Pasni rasuwar na'urarmu mai sauraron girgizar ƙasa, wadda takardun ofis suka sani da Lamba Ɗaya, mu kuma muka sani da Kinnu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a zurfin mita dubu ɗaya da ɗari takwas da goma sha biyu, tafiyar awa biyar kudu da Pasni, bayan jinyar kwana goma sha tara. Ta bar duniya tana da shekara goma sha ɗaya in an ƙirga daga ranar da na fara zana ta a bayan wani katin gayyatar biki, shekara uku kuma in an ƙirga daga ranar da ta fara ɗanɗana ruwan gishiri. Gawarta tana nan inda ta cika. Mun san wurin sarai, kuma sanin bai amfane mu da komai ba.

An haife ta a Karachi, a wani ɗaki da ke bayan ofishinmu, tsakanin ɗakin janareta da inda ake jibge karyayyun kujeru. Leburorin da suka fara ɗaga ta ne suka raɗa mata suna. Ƙatuwar ƙwallon gilashi ce da aka sa wa rigar roba ruwan lemo, sai suka ce ai wannan kinnu ce, irin lemon Sargodha da ake turawa a baro lokacin sanyi. Ni na so suna mai nauyi, har guda uku na rubuta na liƙa a ƙofa, amma ba wanda ya bi ta kansu.

Aikinta a duniya guda ɗaya ne, ta zauna a ƙasan teku ta kasa kunne. Kowa a gaɓar Makran ya san ƙasar da ke ƙarƙashin ruwanmu ba barci take yi ba, kwanto ne. A shekarar 1945 ta motsa, ruwa ya hau Pasni, kuma har yau akwai gidajen da ba a gama ba da labarin ba. Na'urorinmu na tudu daga nesa suke jin motsin, kamar mai laɓe a bayan katanga. Kinnu kuwa cikin ɗakin za ta shiga ta ɗora kunnenta a daɓe, ta faɗa mana inda ƙasar ke motsi da yawan motsin.

Kwamitin da ke bisa kanmu, ƙarƙashin Rizvi Sahib, wato Maigida Rizvi, mutumin da bai taɓa hawa abin da ya fi kujerar ofishinsa lilo ba, ya gindaya mana sharaɗi ɗaya. In Kinnu ta yi kwana arba'in a ruwa mai zurfi ta dawo da abin da ta ji, za a ƙera mata ƙanne takwas a jera su a tekun gaɓar daga garin Ormara har Jiwani. In ba ta dawo ba, a rufe ɗakin, ni kuma a tura ni Quetta, can cikin duwatsu nesa da teku, in riƙa canza wa na'urorin tudu batir. Na sa hannu ina murmushi, har godiya na yi masa, domin a lokacin ban san abin da zai hana ta dawowa ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da ci da yawa, ba ta da surutu. Agogonta ba ya saɓa ko ƙiftawar ido a wata guda, abin da ba zan iya faɗa a kan ko mutum ɗaya a sashenmu ba, har da ni. Ta jure gwaje-gwajen da in mutum aka yi wa da tuni ya kai ƙara. Na sa ta a ɗakin ƙanƙarar masu sayar da kifi ta kwana biyu. Na ɗora ta a bayan a-kori-kura na bi da ita hanyar Hub mai ramuka don in ga ko wani abu zai kwance a cikinta. Robobin da ke hana ruwa shigarta kuwa, a tukunyar matata Shagufta na fara gwada su, irin tukunyar nan mai murfin ɗauri da ke fito in wake ya nuna, kuma wata uku muka yi dahuwar gidanmu tana warin taya. Sau tara na nutsar da ita a ruwa marar zurfi, shida a Karachi, uku a Pasni, ta kwana ɗaya a kira ta, kuma sau tara tana ɓullowa da jar tutarta tana rangaji.

Magana uku kawai ta iya, duka ta cikin ruwa, muna ji a akwatin kira da ke kan jirgi. In aka tambaye ta ko tana nan, sai ta ce tit, sau ɗaya, kuma daga daɗewar da amsar ta yi a hanya muke gane nisanta. In ba ta zauna daidai ba, ta ce tit-tit. In kuwa aka ce ta taso, sai ta jero tit bakwai a hankali, ma'ana ta ji, ta fara kwance kayanta. Waɗannan bakwai ɗin na fi so a duk sautin duniya, kuma su ne yanzu ba na son tunawa.

Dole in faɗi yadda take tasowa, domin a nan ajalinta ya ɓuya. Ita kanta ba ta nutsewa, ta fi ruwa rashin nauyi. Abin da ke ja ta ƙasa guntun ƙarfen layin dogo ne da muke rataya mata a ciki da ƙugiya. Abin da ke riƙe bakin ƙugiyar kuma wata 'yar waya ce tsirara, kaurinta bai fi tsinken tsintsiya ba. In muka kira ta, sai ta sakar wa wayar wutar batir, ruwan gishiri kuma ya cinye ta cikin kwata na awa, cin da tsatsa za ta shekara tana yi. Waya ta tsinke, ƙugiya ta buɗe, ƙarfe ya zauna a ƙasa, Kinnu ta taso. Duk rayuwarta a kan wannan ta rataya: wayar ta taɓa ruwa, ta lalace a lokacin da aka ce ta lalace.

Ranar da za a saukar da ita, tun jajiberi na bi jerin dubawata mai abu arba'in da shida na ga komai lafiya, wayar tana ƙyalli. Da safe sai ga Rizvi Sahib da tawagarsa daga Karachi, da furannin ratayawa a wuya da mai ɗaukar hoto. Aka kafa rumfa a bakin tashar jirage, ya yi jawabin minti hamsin a kan teku yana juya mata baya. Duk lokacin da na zame zan koma jirgi sai a riƙo hannun rigata a ce saura hoto ɗaya. Na bar Kinnu a kan jirgi a hannun mai shi, Nahuda Sakhi Dad, hankalina kwance.

Nahuda, wato shugaban jirgi, dattijo ne da ya doshi saba'in, kuma jirginsa na katako muke haya shekara uku. Mahaifiyarsa tana yarinya lokacin ruwan 1945, ta tsira a kan tudun yashi, yayyenta biyu ba a ga ko rigarsu ba. Saboda haka bai taɓa ɗaukar Kinnu kayan haya ba. 'Yar nan yake ce mata. In rana ta yi zafi ya lulluɓa mata jiƙaƙƙen buhu, in matuƙansa suka jingina da ita ya daka musu tsawa. Da la'asar ɗin ranar muka sake ta a inda aka tsara, ta yi minti talatin da ɗaya tana sauka, ta zauna daram ta ce tit. Nahuda ya raba dabino, muka juyo gida.

Na yi kwana arba'in ina ƙirga su kamar mai jiran haihuwa. A cikinsu sau biyu na'urorin tudu suka nuna ƙananan motsi daga wajen da take zaune, na riƙa yawo a ofis ina ce wa kowa Kinnu ta ji wannan da kunnenta, ku jira ku gani.

Ranar cikar arba'in muka isa wurin da hantsi, teku lumui. Na zura lasifikar kira a ruwa na tambaye ta. Tit, mita dubu ɗaya da ɗari takwas da goma sha biyu. Na ce ta taso, ta jero bakwai ɗinta tsaf. Matuƙa suka hau gaban jirgi suna gardamar wanda zai fara hango tuta. Bayan kwata na awa na sake auna nisa, dubu ɗaya da ɗari takwas da goma sha biyu. Na ce ƙila sanyin can ƙasa ne ya sa wayar jinkirin tsinkewa. Bayan awa guda lambar ba ta canza ba. Na sake ba da umarni, ta sake jero bakwai cikin ladabi, ta ci gaba da zamanta. Kafin la'asar sau goma sha huɗu na ce ta taso, sau goma sha huɗu tana cewa to. Da a ce shiru ta yi da na fi samun sauƙi, domin na san ta mutu. Amma ga ta da rai, tana ji, tana amsawa, ta ƙi motsi, har na tsinci kaina ina zagin akwatin kira a gaban dattijo.

Daga nan jinya ta fara, kuma a nan na ga iyakar basirar manyanmu. Shugabar sashenmu, Dakta Nuzhat, wadda ta tsaya mini shekara goma sha ɗaya kuma ba na manta alherinta, ta tambaye ni a waya ko na gwada kashewa in kunna. Rizvi Sahib ya aiko da shawara a rubuce cewa a nemi gwanin nutso a cikin masunta ya sauka ya kwance ta. Na amsa masa cewa zurfin ya kusa kilomita biyu. Ya rubuto cewa to a nemi biyu.

Sau uku muka koma. Muka yi aron igiyar ƙarfe daga jirage huɗu muka ƙulla, muka ɗaura ƙugiyoyi a bakinta muna ja a ƙasan teku, aikin da bai fi mutum ya hau soro da zare yana neman allura a tsakar gida ba. Mun kamo tsohuwar koma, mun kamo tayar babbar mota, mun kamo wani abu mai nauyi da ya tsinka igiyar ya tafi da rabinta. Nahuda bai taɓa cewa ya gaji ba, shi ke fara isa tasha. Kowace tafiya muryar Kinnu tana ƙara dusashewa, domin kowane kira batirinta yake ci, kuma na san haka, na kasa dainawa. Ranar Talatar nan na kira ta sau uku kafin ta ce tit, can ƙasa-ƙasa. Na sake kira har rana ta take, ba ta ƙara cewa komai ba.

Game da musabbabin rasuwa, an yi ta faɗe-faɗe. Wasu sun ce laka ce ta riƙe ta, wasu sun ce komar manyan jirage ce ta rufe ta, wani a ofis ya ce dama abin da aka ƙera kusa da ɗakin janareta ina zai kai. Gaskiyar ta same ni ne kwana biyu bayan rasuwar, da la'asar, a rumfar shayin bakin tasha, na tasa kofi a gaba har ya huce. Nahuda ya zo ya zauna kusa da ni, ya yi mini gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda aka yi wa rashi, sannan ya dafa gwiwata.

"Injiniya Sahib, abu ɗaya dai ka kwantar da hankalinka a kai. Ko shekara goma 'yar nan ta yi a can, tsatsa ba za ta ga ƙofar shiga ba. Da hannuna na shafe ta."

Na ce, "Ka shafe ta da me, Nahuda?"

"Da abin da nake shafa wa jirgina mana. Man hantar kifi da kwalta, haɗin mahaifina. Ranar nan da kuke can kuna ta hoto, na leƙa ƙarƙashinta sai na ga wata 'yar waya tsirara, ba fenti ba komai. Na ce kai, yaran Karachi, ilmi har wuya, amma an manta da gishiri. Kwana ɗaya ba ya cin ƙarfe, shi ya sa da can ban taɓa ba, amma arba'in fa? Sau uku na bi ta da shafi, ina bari tana shan iska. Ban faɗa maka ba ne don kada ka ji kunya a gaban baƙi."

Ashe sau goma sha huɗun nan gaskiya Kinnu take faɗa. Ta saki wutar, wutar ta isa wayar, wayar kuma tana kwance cikin kwalta ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Garin neman gira an rasa ido. Na tsoma yatsa a shayin da ya huce na zana masa a kan tebur, ga ƙarfe, ga ƙugiya, ga waya, ga abin da gishiri ya kamata ya yi mata. Ba tausayi nake ji ba, fushi ne. Tun ban kai ƙarshe ba ya gane. Ya zame hularsa ya riƙe a hannu.

"Ashe ni na ɗaure ta," in ji shi. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Amma ɗana, ai na taɓa tambayarka yadda take tasowa. Shekarar farko. Ka ce mini aikin lantarki ne, ni dai in kula da tuƙi."

Na tuna. Har abin da nake ci a lokacin na tuna.

Takardar rahoton kwamiti gida biyu gare ta, sai ka zaɓi ɗaya: laifin na'ura, ko laifin wanda ya taɓa ta, a rubuta sunansa. Dakta Nuzhat da ta ji labari har hamdala ta yi, ta ce ai an wanke Kinnu, ƙirar ba ta da aibu, in cika gida na biyu a ƙera ƙannen takwas. Na tuna mata cewa kayan gwamnati ne, sunan da aka rubuta hannun 'yan sanda zai tafi, a ɗaure jirgin a tasha sai an gama bincike, kuma binciken ƙasar nan ya fi katakon jirgi tsawon rai. Gida goma sha ɗaya ke ci daga jirgin nan.

Ta ce, "Mubashir, kada ka yi mini taurin kai. Ƙarya na ce ka rubuta? Shi ya shafa ko ba shi ba? Shekara goma sha ɗaya fa. In ba ka tausaya wa kanka ba, ka tuna su wa za a sa wa na'urorin nan."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Kashegari Nahuda da kansa ya zo masaukina cikin fararen kayansa na Juma'a, ya ce in kawo takardar ya dangwala yatsa, shi ya yi, ba ya so a hana garinsu kunne saboda shi. Ina faɗa a fili, na so in karɓa. Har tawada na ɗauko. Sai na ce masa ya ba ni wuni ɗaya, domin akwai gwajin da ban taɓa yi ba.

Na ɗauki wata tsohuwar ƙugiya na ɗaura mata sabuwar waya tsirara, na bi bakin tasha. Duk nahudan da na samu a jirginsa sai in miƙa masa in ce wannan za ta yi kwana arba'in a ruwa, ya riƙe mini in je in dawo. Ban ƙara ko kalma ba. Mutum shida na gwada. Biyar na dawo na tarar da wayar baƙa wuluk tana naso, kowanne yana murmushin wanda ya yi maka alheri ba ka roƙa ba. Na shidan bai shafa ba, saboda mansa ya ƙare, na same shi a hanya ya tafi aro. A gaɓar nan ba a sa ƙarfe tsirara a teku, kamar yadda ba a fita da jariri ba hula. Kakanninsu da wannan suka tsira da jiragensu, kuma waɗannan hannuwan ne za su ɗauki ƙannen Kinnu takwas su saukar. Da an ƙera su, da takwas ɗin suna can jere a ƙasa suna cewa to.

Na gwada ta da sanyi, na gwada ta da ramukan hanya, na gwada ta da nauyin ruwa, ban taɓa gwada ta da mutanen da za su so ta ba. Gwangwanin madara mai huda-huda da aka kifa a kan wayar ya isa ya cece ta. Ko shi ma ba a samu ba, buɗe bakina ya isa. Laifi tudu ne, na hau nawa shekara uku ina hangen na kwamiti.

Na cika gida na farko. A wajen bayani na rubuta cewa wayar ba ta da murfi, kuma mai ƙirar bai sanar da masu jirgi amfaninta ba. Na haɗa da zanen murfin, na roƙi a ba ni gwaji ɗaya tak. Kwamiti ya ce sharaɗi sharaɗi ne. Rizvi Sahib ya yaba da gaskiyata, ya sa hannu a takardar tura ni Quetta a ranar, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin takarda ta bar teburinsa da wannan saurin ba. Dakta Nuzhat har yau ba ta ɗaga wayata. Wanda ke tsoron kada wannan sanarwa ta jawo wa Nahuda fitina ya sha kuruminsa. An rufe fayil an buga hatimi, kuma kwamitinmu ba ya karanta abin da ba shi da lamba a goshi. Nahuda ma da bakinsa yake ba da labarin a kowace rumfar shayi, na hana shi ya ƙi.

Ba zan ce na huce ba. Ina jin haushin rumfar jawabi, ina jin haushin takarda mai gida biyu, ina jin haushin kwalta, wani lokaci har dattijon nan nake jin haushi in na tuna sau uku ya bi wayar da shafi. Amma duk in na zagaya sai in dawo kan kaina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin da aka aike ta ta yi shi. Kwana arba'in na motsin ƙasar Makran suna nan rubuce a cikinta, har da biyun nan da na yi ta cika baki a kansu, kuma babu mai karanta su. Pasni tana nan yadda take, ba ta da kunne a ruwa.

Marigayiya ta bar akwatin kira guda ɗaya, wanda har yanzu in aka kunna shi yake tambaya ko tana nan. Ta bar ƙwallon gilashi biyu da aka tanada don ƙannenta, waɗanda mai gadin ofis ya riga ya nemi a ba shi ya shuka na'ana'a a ciki. Ta bar guntayen layin dogo bakwai, da igiyar aro rabi wadda masu ita huɗu ke neman cikonta. Ta bar Shagufta, wadda ta karɓi labarin da juriya mai ban mamaki, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta fara tambayar ko a Quetta ana samun kifi. Ta bar Nahuda Sakhi Dad, wanda tun ranar bai ƙara ratsa wurin da jirginsa ba sai ya rage gudu. Ta bar ni.

Na tuntuɓi limamin masallacin tasha, ya ce ba a yi wa ƙarfe da gilashi salla, kuma na yarda da shi. Saboda haka ba wanka, ba likkafani, ba makara, kabarin ma ita ta riga mu zaɓa. Za a yi zaman makoki ranar Asabar bayan sallar la'asar, a rumfar shayin bakin tashar Pasni. Akwai shayi da gurasa da dabino. Ana roƙon masu zuwa daga Karachi, in akwai, kada su zo da fure, kada su zo da mai hoto, kuma ba a tanadi lokacin jawabi ba. Ranar Lahadi zan miƙa makullin ɗakin, Litinin in hau motar Quetta.

Abu ɗaya Nahuda ya roƙa a yi a wurin zaman, kuma na amsa. Ya ce ko ba yanzu ba, wata rana wani zai sake zuwa gaɓar nan da irin 'yar nan, kuma ba ya so a sake samun mai ɗaure ta don ƙauna. Ya gayyato duk nahudan Pasni, har da waɗansu daga Ormara. Zan zo da bokitin ruwan teku da batir da waya tsirara, in tsaya a gabansu in yi bayani tun daga farko, su ga yadda take tsinkewa da idonsu, kuma duk mai tambaya ya yi, zan amsa. Na gwada bayanin jiya ni kaɗai a ɗaki ina duban agogo. Minti huɗu ne.